Rasuwar Rufa-Asiri, Idon Kyamarar Mai Hoto

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, mai hoton nan da ke tsakanin shagon aski da shagon gyaran waya yana sanar da 'yan uwa, da abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa zama a kan kujerar nan marar jingina aka ce masa ya ɗaga haɓa, rasuwar babban amininsa kuma ginshiƙin shagonsa, idon kyamarar da unguwa ta sani da Rufa-Asiri. Ya rasu da hantsi, a bakin aiki, bayan doguwar jinya da gajeriyar faɗuwa.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, marigayin shi ne gilashin nan da ake ɗaura wa kyamara a gaba. Baƙi ne, gajere, mai nauyi a tafin hannu, da ɗan tabo a gefen wuya tun daga hannun mai shi na farko. Ba ya zuƙo na nesa, ba ya faɗaɗa na kusa. In kana son ka matso, ka taka da ƙafarka, shi ba ɗan aiken kowa ba ne. Abu ɗaya ya iya a duniya, kuma a kansa ya rayu: ya ɗauki fuskar mutum ya fito da ita tas, har ka ƙirga gashin gira, sannan ya juya kan duk abin da ke bayan mutumin ya narkar da shi, ya zama launi kawai, mai laushi, marar suna.

Wanda bai taɓa shiga shagon ba ba zai san girman wannan alheri ba, don haka dole a yi bayani, ko da kuwa bayanin bai yi wa mai hoto daɗi ba. Shagon ɗaki ɗaya ne. Gabansa na hoto ne: kujera, fitila mai lema, da ƙafafu ukun nan da kyamara ke hawa. Bayansa kuwa na mai ɗakin mai hoto ne, tela ce, can kekenta yake, da tulin yaduka, da kayan da aka kawo ɗinki aka manta da su tun yaran da aka ɗinka wa suna rarrafe. Can ne bokitin da ke tarar yoyon rufi yake zaune rani da damina. Can bangon da danshi ya zana wa taswira yake, da fankar da ta rasa fiffike ɗaya, da kwalayen da ba wanda ya tuna abin da ke cikinsu. Labulen baya kuwa, irin wanda sauran masu hoto ke ratayewa da zanen teku ko benen masu kuɗi, mai hoto bai taɓa saya ba. Cewa yake labule na 'yan koyo ne.

To, duk wannan tarkace marigayin yake kallo kullum, bai taɓa kai labari waje ba. Bokiti ya zama shuɗi-shuɗi mai sanyin gani. Bangon danshi ya koma kamar gajimare. Direban tasi ya zo ya zauna, aka aika hotonsa gidan surukai, suka bugo waya suna tambayar wane otal ne. Mai neman aiki ya zo da kwat ɗin aro, hoton ya fito kamar shi ne zai ɗauki wasu aiki. Ɗan takarar shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa ya zo yana gumi yana korar sauro, aka manna hoton a bango, mutane suka ce wannan daga gani ya saba shiga manyan ofisoshi. Duk sun ga bokitin da idonsu, wasu har sun yi tuntuɓe da shi, amma ba wanda ya taɓa faɗa. Unguwa guda ta haɗa kai da gilashi ɗaya, kowa asirinsa a rufe.

Abin da ya fi ɗaukaka sunan marigayin shi ne zagayen hasken nan. Duk wanda ke da hoton shagon a ɗakinsa ya tashi ya duba, zai gan shi: wani ƙwallon haske ruwan zinare a bayan kafaɗar hagu, gefensa sumul, da wani launi mai taushi a ƙarƙashinsa da ke sauyawa daga hoto zuwa hoto, yau ja, gobe kore, jibi ruwan ƙasa. Ƙungiyar masu hoto ta taɓa kiran mai hoto gaban taro ta ba shi takardar yabo saboda wannan zagaye, takardar ta daɗe a rataye a bangon shago. Da aka tambaye shi sirrin, sai ya sunkuyar da kai cikin tawali'u ya ce baiwa ce. Daga ranar bencin shagon aski ya zama ajinsa. Nan yake zama ya koya wa masu jiran aski bambancin dishi-dishi mai daraja da dishi-dishin banza. Mai daraja, in ji shi, narkewa yake kamar man shanu a kan abinci mai zafi, ba ka ganin inda ya fara da inda ya ƙare. Na banza kuwa yana nan yana kai-kawo a bayan mutum, yana jan ido, yana neman a kula shi. Mutane da dama sun fasa aski saboda wannan darasi.

Marigayin ba mai surutu ba ne. Waɗanda suka zauna da shi za su tuna muryarsa in yana neman idon mutum: zuu, tsit. Sau ɗaya, ba ya maimaitawa. Sai kyamara ta amsa masa da ƙyas, shi ke nan an gama, a tashi.

Ciwon ya fara ne a wata damina. Aka ga wasu siraran zare farare sun fito a cikin gilashin, can ciki inda tsumma ba ya kaiwa. Aka kai shi wurin mai gyara, ya haska shi da tocila, ya ja numfashi, ya ce danshi ne, a riƙa shanya shi. Aka shanya shi a taga kamar jinjiri, aka kwantar da shi cikin ƙwayoyin tsotse danshi. Ya ɗan farfaɗo. Daga baya murya ta soma canzawa. Maimakon zuu, tsit, sai a ji zuu, zuu, zuu, yana kai gaba yana komawa baya, yana laluben fuskar da ke zaune a gabansa, har murmushin mai zaman ya bushe a leɓe. Duk da haka bai taɓa ƙin aiki ba, kuma har ranarsa ta ƙarshe bai tona bokitin ba.

A ranar da abin ya faru, mai hoto ya kwance shi daga jikin kyamara don ya hure ƙura, ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya ajiye shi a gefen teburin keken ɗinki. Haka yake yi tun da aka buɗe shagon. Bai taɓa waiwayawa ba, don bai taɓa buƙata ba: kullum akwai hannun da ke ɗauke gilashin daga bakin tebur ya tura shi ciki, kusa da gwangwanin maɓallai. Ran nan hannun bai zo ba. Keke ya ci gaba da gudu, tebur yana karkarwa, marigayin yana matsawa kaɗan-kaɗan zuwa baki. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce tas, a kan siminti, sai wani ɗan ƙaramin kililin na abin da ya gangara ƙarƙashin kwalaye.

Mai gyara ya duba gawar ya ce wuyan ya karye, injin ya tsaya, gilashin baya ya tsage. Na gaba ne kawai ya tsira, babban nan, ko ƙwarzane babu.

Marigayin ya bar mata ɗaya, wato kyamara, wadda ke zaune yanzu da murfi a fuska ba ta karɓar baƙi. Ya bar murafu biyu, da jakar fata da ta ɗauki siffarsa. Ya bar ƙanne biyu da agola ɗaya. A kan waɗannan magada ne sanarwar nan za ta ɗan tsaya, don mutane suna ta tambayar wa zai gaji gidan, kuma gara a faɗi gaskiya tun yanzu.

Washegarin rasuwar mai hoto ya ce a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a wuri ɗaya, da haske ɗaya, a ga wanda ya gado ko da ɗigon halin yayansa. Ba a yi kasadar kiran kwastoma ba. Mai aski aka roƙa ya zo ya zauna, ya zo da almakashi a aljihu yana cewa a yi sauri.

Aka fara da babban ƙanin, Mai-Zuƙowa, dogon nan da ke miƙewa yana komawa. Shi mutum ne mai son a ce ya iya komai, kuma ya yi ƙoƙari, ba za a ci haƙƙinsa ba. Amma dishi-dishinsa na rowa ne. Bokitin bai ɓace ba, biyu ya zama, ɗaya a kan ɗaya. Zagayen hasken ya fito da kusurwoyi kamar kan noti, da zobba-zobba a cikinsa irin na yankakkiyar albasa. Mai aski ya leƙa ya ce shi dai yana ganin kamar an yi girgizar ƙasa a bayansa.

Aka ɗauko agolar gidan, wato wayar hannu, wadda ta daɗe tana cika baki cewa ita ma ta iya narkar da baya da dabarar cikinta. Ta narkar kuwa, har ta wuce gona da iri. Ta cinye bokiti, ta cinye bango, ta haɗa da kunnen mai aski na dama da rabin hularsa, sannan saboda wani dalili da ita kaɗai ta sani ta bar fanka mai fiffike biyu tsaye tas a saman kansa. Mai aski ya ce kunnen nan da shi ya zo, kuma da shi zai koma.

Sai autan gidan, faffaɗan nan da ake kira Tonon-Silili, wanda ba a fito da shi sai za a ɗauki taron mutane da yawa. Shi wannan bai san kunya ba. A wurinsa na gaba da na baya duk ɗaya ne, kowa a fito da shi. Ya kawo mai aski, ya kawo bokiti har da ɗigon da ke faɗawa ciki, ya kawo taswirar bango da duk garuruwanta, ya kawo rubutun jikin kwalaye ana karantawa. Mai hoto ya kalli hoton sau ɗaya a bayan kyamara ya kashe ta. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ji kamar an kwaɓe masa riga a tsakiyar titi.

A cikin wannan ɓacin rai ya yanke hukunci. Irin marigayin ba a samunsa a kasuwa yanzu, kuma magadan nan ba mai iya rufa wa kowa asiri. Saboda haka bayan shagon ne zai gyaru: a sayi labule, a kwashe tarkace, keken ɗinki ya koma gida kafin ƙarshen mako. Ai ma, in ji shi, keken ne ya yi kisan. Ya faɗi haka yana fuskantar titi. Mai ɗakinsa ta tsayar da keke. Ta san, shi ma ya san, gidansu can saman bene yake a ƙarshen lungu, ba matar da za ta hau da yadi a hannu alhali teloli sun cika bakin hanya. Komawar keken gida ita ce ƙarshen ɗinkinta. Ta tashi ta fara ninke yaduka tana jerawa a kwali.

Da rana ta yi, shago ba kowa, mai hoto ya zuba hotunan gwajin a kwamfuta. Niyyarsa ya ƙirga laifuffukan Tonon-Silili ɗaya-ɗaya, ya sami abin faɗa a bencin aski. Ya buɗe hoton, ya ƙara girmansa, ya wuce kunnen mai aski, ya wuce bokiti, ya nufi bayan kafaɗar hagu, inda zagayen zinaren ya saba zama, don ya ga yadda yaron nan ya wulaƙanta shi.

Ƙwan fitila ne. Ƙwan fitila tsirara, an ɗaure wayarsa da ƙyallen yadi an ja shi ƙasa har ya kusa taɓa kan keke. A ƙarƙashinsa ga wata mata da jan mayafi, ta ɗaga allura saitin hasken, ta kawo ta dab da hancinta, ta runtse ido ɗaya. Tonon-Silili bai rage komai ba: ga bakin zaren ya wuce gefen kafar allura, nesa da ita ƙwarai. Ga furfura ta leƙo ta gefen kunne. Ga wasu layuka biyu a tsakanin gira da mai hoto zai iya rantsuwa babu su ranar da ya buɗe shagon.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya jawo tsofaffin hotuna, daga na farkon shago zuwa na bana, ya jera su. A na farko zagayen zinaren yana can sama da kan mai zama. Da shekaru suka tafi ya sauko saitin kunne, sannan kafaɗa, sannan ƙasa da kafaɗa. Wannan saukowa ita ce shugaban ƙungiya ya yaba a ranar takardar yabo, ya kira ta alamar hannun da ya nuna. Mai hoto ma haka ya ɗauka.

Ya juya kujerarsa, abin da kujerar ba ta saba ba har ta yi ƙara.

"Maman yara, yaushe kika sauko da fitilar nan?"

"Wace saukowar? Ta bara ko ta bana?"

"Ranar da ya faɗi, ba ki ga na ajiye shi ba ne?"

Ta ci gaba da ninke yadin da ke hannunta. "Na ji ka ajiye wani abu. Na miƙa hannu inda nake zato, na ɗauki gwangwanin maɓallai na tura ciki." Ta ɗora yadin a kwali ta danna. "Malam, ni fa yadda gilashinka yake ganin bayan mutane, haka nake ganin duniya gaba ɗaya yanzu, gaba da baya. Kai ma nan da kake zaune launi ne kawai. Ba dai wanda ya ba ni takardar yabo."

Sanarwar nan ba ta da hurumin faɗin abin da mai hoto ya yi bayan wannan magana. Mai aski dai ya ce ya leƙo zai karɓi hotonsa ya koma da baya, kuma ya yi wa unguwa bayanin cewa kukan rashin gilashi ne mai hoto yake yi. An bar shi a haka.

Abin da ya tabbata shi ne, a duk ɗakin da ke da hoton shagon nan, a gidan surukan direba, da ofishin mai kwat ɗin aro, da bangon 'yan kasuwa, matar nan tana ciki. Ita ce jan, ita ce koren, ita ce ruwan ƙasan, gwargwadon mayafin da ta yafa ran nan. An bincika shagon kaf, an bincika gida, ba a sami hotonta ko ɗaya da fuskarta ta fito ba, sai wanda Tonon-Silili ya ɗauka ba da izinin kowa ba.

Dangane da jana'iza, iyalan marigayin suna sanar da abin da ke tafe. Ba za a binne shi ba. Mai gyara ya riga ya ciro babban gilashin gaba, wanda ya tsira, ya sa masa mariƙi, kuma an gwada shi a kan kafar allura, ta fito ƙatuwa kamar ƙofa. Zai ci gaba da zama a teburin keken ɗinki, can ciki kusa da gwangwanin maɓallai, kuma keken yana nan inda yake, an kwance kwalayen. Sauran gawar za ta kwanta a cikin jakarta ta fata, a rataye a ƙusar da takardar yabo take a da. Takardar an sauke ta, an sa hoton da Tonon-Silili ya ɗauka a firam ɗinta, bayan an yanke mai aski, wanda ya ce wannan karon ya yafe.

Za a tashi rakiya gobe da safe daga ƙofar shago. Ba maƙabarta za a nufa ba, asibitin ido za a je, mutum biyu ne kawai, kuma mai hoto ne zai riƙe jaka. Shagon zai kasance a rufe har su dawo.

Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo labule, an fasa. Wanda yake son hoto za a ɗauke shi da magadan da suka rage, da bokiti da bango da komai, wanda bai iya jurewa ba ga masu zanen teku nan a bakin titi. Kuma duk wanda ya shigo, kafin ya yi wa mai hoto ta'aziyya, ya wuce kujerar nan marar jingina, ya ƙarasa har ƙarshen ɗaki, ya matsa kusa sosai yadda za ta gane shi, ya gaishe da matar da ta daɗe a rataye a bangon ɗakinsa.